Farashin ranar da aka yi satar

Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gini a Dei-Dei, a nan Abuja, kuma na haura shekara ashirin a wannan sana'a, tun ina yaron shago har Allah ya ba ni nawa. Siminti ne babban abin da nake juyawa, sai rodi da ƙusa, da ɗan kwanon rufi idan jari ya yi ƙarfi. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne tsakanin watan Satumba na 2022 da watan Maris na 2024. Dalilin da ya sa na zauna rubuta shi kuwa, har yau abokan sana'a suna tambayata yadda aka yi na ce an yi mini asarar naira miliyan shida amma kotu ta tsaya a kan naira 1,515,000. Wasu sun ɗauka hannu aka miƙa wa wani. Ba a miƙa wa kowa komai ba. Ina zaune a kotun aka yi lissafin, ɗaya bayan ɗaya, kuma na san inda kowace naira ta zube.

A farkon Satumban 2022 mahaifiyata ta rasu a Funtuwa, na tafi na yi kwana tara. Na bar shago a hannun yarona, wanda ya shekara bakwai tare da ni, ɗan maƙwabtanmu ne na gida, mahaifiyarsa ce ta ɗanƙa mini shi hannu da hannu. Makullin shago yana wurinsa, amma na sito yana aljihuna. A rana ta takwas maƙwabcina ya kira ni bayan sallar asuba ya ce ƙofar sitona a wangale take, kuma an kwana ana ruwa.

Da na iso na tarar an yanke maratayan ƙofar ƙarfen, an jingine ta da bango. An ɗage fallen kwano biyu daga rufin baya, da alama ta nan aka fara gwada shiga. Inda na bar siminti jere har kusa da rufi, babu komai sai katakon da ake shimfiɗawa a ƙasa da buhu 30 a lungu, waɗanda ruwa ya kwana yana zuba a kansu, takardar buhunan ta jiƙe ta yi baƙi, idan ka danna da yatsa sai ka ji gefe ɗaya ya fara ƙanƙarewa. Rodi mai milimita 12 da na ajiye a gefen bango, wajen tan biyu, babu ko sanda ɗaya. Janaretan shago ma an ɗauke. Yaron kuwa wayarsa a kashe.

Kuskurena na farko a ofishin 'yan sanda na yi shi, a ranar. Jami'in da ke rubuta bayani ya ɗago kai ya ce, “Alhaji, nawa ne kuɗin kayan gaba ɗaya?” Ina cikin zafin rasuwa da zafin cin amana, ban buɗe littafi ba, ban taɓa kalkuleta ba, na ce miliyan shida. Ya rubuta, na sa hannu. Wannan adadi shi ya shiga takardar ƙarar da 'yan sanda suka kai kotu, wadda ake kira FIR, kuma shi ya yi ta bina har ranar hukunci. Gaskiyar magana, ko da an lissafa komai a kan farashin da nake sayarwa, asarar ba ta kai miliyan uku da rabi ba. A lokacin na ɗauka idan adadi ya yi girma za a fi ɗaukar maganar da muhimmanci.

Bayan kwana huɗu aka kama yaron a Suleja. Ya kai 'yan sanda wurin wani mai buga bulo a Gwagwa, aka samu buhu 80, aka loda su aka kai ofis a matsayin kayan shaida. Sauran ya ce a kan mota aka sayar wa mutanen da bai san inda suke ba, janaretan kuma ya ce naira 90,000 ya karɓa. Da aka gurfanar da shi gaban majistare ya musanta tuhumar, danginsa suka ɗaukar masa lauya, aka ba shi beli. Ni ma sai na nemi wani matashin lauya ya riƙa zama a madadina yana sa ido, domin a shari'ar laifi ba ni ne mai ƙara ba, hukuma ce, ni shaida ne kawai.

Shi wannan lauyan ne ya fara gyara mini tunani. Ya ce tuhumar tana ƙarƙashin kundin Penal Code, wanda yake aiki a Arewa tun 1960 kuma da shi ake shari'ar irin wannan laifi a Abuja: sashe na 289 shi ne satar da yaron gida ko ma'aikaci ya yi wa maigidansa, ɗaurinta na iya kai shekara bakwai, sannan sashe na 327 na ɓarnata dukiya, saboda ƙofa da rufi. Na tambaye shi ko yawan kuɗin ne zai yanke yawan shekarun. Ya ce akwai ƙasashen da suka ja layi da adadi, kamar jihar Kalifoniya ta Amurka inda dala 950 ke raba ƙaramar sata da babba, ko Ingila inda fam 5,000 ke yanke irin kotun da za ta saurari ƙarar ɓarnar dukiya. Amma shi sashe na 289 bai ɗaura ɗauri a kan wani adadi ba, ya sa iyaka ne ya bar wa alƙali ya auna. Inda adadi zai yi mini aiki, in ji shi, shi ne wajen diyya. Sashe na 78 na Penal Code ya ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta, haka ma dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda ake kira ACJA, a sassanta na 314 da 319 da 321, har ta ba alƙali damar neman ƙarin shaida domin ya san gwargwadon abin da zai yanke. Sai ya ƙara da maganar da ban so ji ba: “Alhaji, abin da ka rasa daban, abin da za ka iya nuna wa kotu ka rasa daban. Je ka haɗo mini kowace takarda da kake da ita.”

Takardun da na samu ba su da yawa. Akwai takardar dakon tirela ɗaya ta siminti, buhu 600, da aka sauke mini a watan Agusta, da bayanan banki da ke nuna na biya a kan naira 4,200 kowane buhu. Akwai littafin ciniki, wanda rabin rubutun cikinsa na yaron ne da kansa, yana nuna an sayar da buhu 220 kafin tafiyata. Akwai rasit ɗin janareta na 2018, wanda matata ta tono daga cikin wata tsohuwar jaka. Rodi kuwa ba shi da ko ƙyallen takarda, domin bashi na karɓa daga wani abokin sana'a a kan amana, kamar yadda muke yi kullum a kasuwa, baki da baki.

Ranar da na shiga akwatin shaida, da Hausa na yi magana tafinta yana juyawa. Mai gabatar da ƙara ya bi da ni a hankali, na ba da labari, aka karɓi takardun aka sa musu lamba. Sai lauyan yaron ya miƙe. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ce a miƙo mini bayanin da na sa wa hannu a ofishin 'yan sanda, ya ce in faɗa wa kotu adadin da ke ciki. Na ce miliyan shida. Ya ce in ɗauki buhu 350 na simintin da aka kwashe in buga a kan 4,200. Na buga, ya ba da 1,470,000. Ya ce in ƙara kuɗin rodi yadda nake so, in ƙara na janareta sabo fil, in ƙara na ƙofa. Na ƙara. Ya ce, “To Alhaji, sauran miliyan biyu da ɗoriya fa, a wane lungu na siton suke?” Kotu ta yi tsit, ina jin ƙarar fankar sama. Na juya wajen alƙali na ce, “Ranka ya daɗe, ɓacin rai ne ya sa na faɗi haka.” Alƙali ya rubuta, bai ce komai ba. Daga wannan rana duk abin da ya fito daga bakina ba tare da takarda ba ya rasa nauyi, kuma ni na jawo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Rodi shi ya fara tafiya. Wanda ya ba ni bashin ya ƙi zuwa ya ba da shaida, ya ce shi tunda yake bai taɓa taka ƙofar kotu ba, kuma ba zai fara a kan rodi ba. Ban ga laifinsa sosai ba, haka yawancinmu muke. Yaron ya ce bai ga wani rodi ba. Ya rage maganata da tasa, kuma tawa ta riga ta sami tabo. A hukunci alƙali ya ce ba a tabbatar da samuwar rodin a siton ba, balle yawansa, balle ƙimarsa. Ni kuwa sai da na biya mai rodin kuɗinsa cif, naira 880,000, cikin wata biyar.

Janareta ne ya fi koya mini yadda kotu ke kallon ƙima, domin farashi huɗu aka ajiye a gaban alƙali a kan inji ɗaya. Rasit ɗina ya nuna naira 320,000 a 2018. Ni na nemi kuɗin sabo, wanda a lokacin da ake shari'ar ya haura 900,000, hujjata kuwa ita ce sabo zan saya in mayar. Lauyan yaron ya ce a tsaya a kan 90,000 da aka sayar da shi, wai kasuwa ce ta yanke. Mai gabatar da ƙara ya kira wani dattijo da ya daɗe yana saye da gyaran tsofaffin janareta, kuma shi ne yake yi wa nawa sabis, aka karɓi ra'ayinsa a matsayin na masani, abin da sashe na 68 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da shi. Dattijon ya faɗi ƙarfin injin, ya ce ya shekara huɗu yana aiki kusan kullum, ya ce shi da hannunsa ya sauya masa zobe da kabureta, sannan ya ce irinsa a watan Satumba na 2022, tsakanin mai saye da ba a matsa masa ba da mai sayarwa da ba ya sauri, zai yi naira 200,000. Alƙali ya ɗauki wannan. Ya ce kuɗin saye na 2018 na sabon inji ne, kuma ba sabo aka sace ba. Kuɗin sabo na yau zai mayar da ni wuri mafi kyau fiye da inda nake kafin satar. Farashin ɓarawo kuwa na mai gudu ne da dare, ba a auna dukiyar mutane da shi. A nan ban yi jayayya ba ko a zuciyata, domin da ni za a kawo wa wannan janareta in saya, ba zan wuce haka ba.

Ƙofa da rufi ba su ba da wahala ba. Mai waldan da ya gyara ya zo da littafin rasit ɗinsa, ya lissafa maratayai da kwano da ƙusa da ladan aiki, naira 85,000, aka karɓa yadda yake. Buhu 30 da ruwa ya ɓata kuwa sun so su kuɓuce, don na riga na rabu da su kafin a fara shari'a. Hotunan da ɗana ya ɗauka da waya a safiyar farko su suka cece ni, su ma sai da aka haɗa musu takardar da sashe na 84 na dokar shaida ke nema ga duk abin da ya fito daga waya ko kwamfuta, wadda ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da hoton. Kuɗinsu 126,000 ne, amma da aka tambaye ni abin da na yi da su na ce wani mai cike rami ya saya a kan naira 1,000 kowane buhu. Aka cire 30,000, aka bar mini 96,000.

Saura siminti, wanda shi ne uwar asarar, kuma a nan ne har gobe zuciyata ba ta kwanta ba. Lissafin yawansa bai yi wuya ba: 600 aka sauke, 220 aka sayar, 30 suka jiƙe, 350 aka ɗauke, 80 aka gano, saura 270. Rigimar a kan farashi take. Na so a yi da 4,500 da nake sayarwa, alƙali ya ce ribar naira 300 ba ta riga ta shigo hannuna ba, abin da takarda ta nuna na fitar shi ne 4,200. Wannan da sauƙi. Babbar maganar ita ce ta lokaci. Doka ta 2015 ta so a riƙa shari'ar laifi kullum-kullum, ta kuma taƙaita yawan ɗagewa, amma tamu ta ci wata goma sha takwas. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya hana shaidu zuwa, zaɓe ya zo, aka yi wa jami'in da ya yi bincike canjin wurin aiki sai da aka nemo shi. A cikin wannan jiran aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da take wajen naira 430 a farashin hukuma lokacin satar ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A wannan watan ne ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ce buhu ya tsaya tsakanin naira 7,000 da 8,000, amma mu a kasuwa 10,000 muke gani, wani lokaci har sama.

Lauyana ya sa mai gabatar da ƙara ya roƙi kotu ta yi la'akari da wannan. Alƙali ya saurara, amma a hukuncinsa ya ce ƙimar da zai yi aiki da ita ita ce ta ranar da aka raba ni da kayan, domin ita ce shaida ta tabbatar, kuma ita ce laifin ya haifar. Faɗuwar naira ba yaron ya jawo ta ba. Buhu 270 a kan 4,200 ya ba da naira 1,134,000. A ranar da aka karanta wannan adadi, abin da zai saya bai kai buhu 115 ba.

Na kai wannan damuwa wurin malamin da ke karantar da mu Risala bayan la'asar a masallacin kasuwa. Ya ce a fiƙihun Malikiyya an raba dukiya gida biyu wajen ramuwa: abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, wanda ya halaka shi kwatankwacinsa zai biya, abin da ba haka ba kuwa ƙimarsa zai biya, kuma ga wanda ya ƙwace, ƙimar ranar ƙwacen ake dubawa. Wato a kan janareta malam da majistare bakinsu ɗaya. Amma siminti abin awo ne, kilo 50 kowane buhu, wannan bai bambanta da wancan ba. Da an ce a biya ni buhu da buhu, da hawa da saukar naira ba su shafe ni ba. Ni ba masanin doka ba ne, amma a ganina wannan ya fi kusa da adalci ga kaya irin namu, kuma da na san haka tun farko da na sa an roƙi kotu ta ba da umarnin mayar da kwatankwacin kayan maimakon kuɗinsu, ko a karɓa ko a ƙi.

Buhu 80 da aka gano su ne abin takaicin da ya fi kowane. Tun Satumban 2022 suke jibge a wata rumfa a bayan ofishin da aka ajiye su, damina biyu ta taɓa su. Daga baya na ji cewa doka ta yarda kotu ta ba da umarnin a sayar da kayan shaida masu saurin lalacewa, ko a miƙa wa mai su ya sa hannu a kan zai kawo idan an nema. Ba wanda ya nema mini, ni ma ban san ana nema ba, lauyana kuma sai a wata na biyar na ɗauke shi. A takarda an mayar mini da buhu 80, saboda haka aka cire su daga diyya. Ranar da na je karɓa, ɗan dako ya ɗaga na farko ya sake shi a ƙasa, ya yi ƙara kamar an yar da dutse, bai ko fashe ba. Shi mai bulon da aka karɓe su daga hannunsa kotu ta gamsu da gaskiya ya saya, da rana, a kan 3,900, da rasit ɗin shagona da yaron ya rubuta masa, don haka aka umarci yaron ya mayar masa da naira 312,000, kamar yadda sashe na 319 ya tanada ga wanda ya sayi kaya bai san na sata ba ne.

Na kuma nemi a saka mini mako biyu da shago ya yi a rufe, da wani ɗan kwangila da ya koma wurin wani saboda na kasa kai masa kaya. Alƙali ya ce waɗannan ba abin da za a auna a wannan zama ba ne, idan ina so in shigar da ƙarar neman haƙƙi daban. Na tambayi Barista abin da hakan zai ci na kuɗi da lokaci, da ya faɗa mini sai na bar maganar.

An sami yaron da laifi, aka yanke masa ɗaurin wata goma sha takwas ko tarar naira 100,000, da diyyar naira 1,515,000 gare ni. Danginsa suka biya tarar a ranar. Bayan mako biyu mahaifiyarsa ta zo gidana a Kubwa tare da wansa, ta durƙusa a tsakar gida duk da ta girme ni, ta ce, “Alhaji, mun sayar da shanun noma biyu, ga abin da ya samu, sauran a yi mana haƙuri a riƙa karɓa da kaɗan-kaɗan.” Na ce, “Inna, don Allah tashi ki zauna a kujera.” Naira 400,000 suka kawo. Muka koma gaban rajistaran kotu aka rubuta 30,000 duk wata, wani watan ta shigo, wani watan sai wan ya kira ya ba da haƙuri.

Buhunan nan 80 ban sami mai saye ba, ko mai cike rami ya ce ɗaukarsu ta fi kuɗinsu. Na sa 'yan dako suka jera su layi biyu a bakin sito ta gefen da ruwa ke gangarowa daga titi, takardar jikinsu ta yage ta bar siffar buhu a kan dutse. A kansu masu jiran lodi suke zama yanzu.